Muhawarar zauren gida: a ba Baba melatonin ko a bari?

Auta: Assalamu alaikum. Ni na kwana a bakin ɗakin kulawa ta musamman na asibiti, inda aka kwantar da Baba. Ƙarfe biyun dare Baba ya fizge robar ƙarin ruwa, yana kiran marigayiya Inna, wai ta buɗe masa ƙofar zaure. Gari na wayewa kuma sai barci. Abokina ya ce melatonin, wani maganin taimaka wa barci, na warkar da wannan ruɗewar, akwai shi a kemis a Sabon Gari. In sayo?

Goggo: Wa alaikumus salam. Tsufa ne kawai. A dage da addu'a.

Yaya Babba: Goggo, addu'a kam ba ma fasawa. Amma mutumin da makon jiya yake lissafin kuɗin masararsa da ka, ba tsufa ne ya ruɗa shi a kwana uku ba. Wannan ruɗewar farat ɗaya take zuwa, ta lafa, ta dawo. Auta, kada ka sayo.

Kawu: Don me? Ai jiki da kansa yake yin melatonin idan duhu ya shiga, shi ke sanar da mutum dare ya yi. Ɗakin can fitila ba ta mutuwa, na'urori sai ƙara. In ya samu barcin dare, hankalinsa zai dawo.

Yaya Babba: Kawu, wallahi hujjarka ce ta sa likitoci suka gwada. A Ostareliya an yi bincike da marasa lafiya 847, ana bai wa rabinsu miligiram 4 ƙarfe tara na dare. Sakamakon ya fito a 2022: bai rage ruɗewar ba. Kuma can rigakafi aka nema, Baba ya riga ya shiga ciki.

Kawu: To ai bai cutar da kowa ba.

Yaya Babba: Tsorona mu saki reshe mu kama ganye. Shekarata goma sha biyu ina aikin jinya. Sau da yawa abin da ke kawo ruɗewar ciwon huhu ne, ko na mafitsara, ko ƙarancin gishiri a jini, ko allurar sa barci. Wannan za mu tambayi likita. In shi ya rubuta melatonin saboda barci, ba ni da ja. Amma kada wani ya cusa a kunu.

Kawu: Ni dai zan tambaye shi da kaina gobe.

Yaya Babba: Madalla, Kawu. Auta, biya gida Tudun Wada ka ɗauko tabaransa da carbi. Ka roƙi nas ta ɗage labule da safe, ka riƙa gaya masa ranar da ake ciki da inda yake.

Auta: To Yaya, ga ni a keke.