Tabo ya fito a silin: ta ina kuka gano yoyon rufinku?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da ruwa ya fara sauka wani tabo ruwan ƙasa ya fito a silin ɗin ɗakin yara, kusa da bango. Bai kai ga ɗiga ba tukuna, amma duk ruwan da aka yi sai ya ƙara faɗi. Rufin kwano ne. An hau an duba saitin tabon, an ce kwanon lafiyarsa ƙalau. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don wayar wuta ta bi ta wajen. Wanda irin wannan ta taɓa samu, don Allah ya faɗa mana yadda ya gano bakin zaren.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Malam, da wuya ƙofar ruwan ta zama a saitin tabon. Nawa a tsakiyar falo yake ɗiga, ashe ta can ƙololuwar rufi yake shiga, ya bi jikin katako ya gangaro, sai ya zo mahaɗar katako biyu sannan ya sauka. Da rana tsaka na shiga cikin silin na kashe tocila. Da idona ya saba da duhu sai ga ƙananan huji suna haske kamar taurari. Na kunna tocilar na bi sawun ruwan, domin katakon da ruwa ke bi yakan yi baƙi. Duk hujin da na samu sai in zura siririyar waya ta fito waje, yadda wanda ya hau sama zai gan shi. Ka fara daga tabon, ka yi ta bin sawun zuwa sama.

Tsohon Kafinta:
Baban Yara ya faɗi gaskiya. Na daɗe a wannan sana'a, kuma yawancin yoyon da aka kira ni a kai, ƙusa ce. Kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, kullum haka. A hankali ƙusar sai ta ɗago, ramin ya yi mata yawa, robar da ke ƙarƙashin hularta kuma rana ta busar da ita ta tsage. Daga ƙasa ba za ka ga komai ba. Sai ka hau ka taɓa, ka ji tana motsi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne a sake doka wannan ƙusar a ramin da ta riga ta saki, a shafe da kwalta a sauko. Kafin wata damina sai ƙusar ta sake tashi. A cire ta, a sa sukuru mai sabuwar roba wanda ya ɗan fi ta kauri, kuma kada a matse har robar ta fashe. Ku duba ma inda aka buga ta: a kan tudun kwano ake buga ƙusa, domin kwarin hanyar ruwa ce.

Sai haɗin kwano. Inda na sama ya hau kan na ƙasa, hawan kada ya gaza santimita 15, in rufin ba shi da gangara sosai a ƙara. In an yi rowar kwano, iska za ta riƙa tura ruwa ta ƙarƙashi ko babu huji ko ɗaya. Tsatsa ma a wannan haɗin take fara ci, inda ido ba ya kaiwa.

Maman Biyu:
Yayana, maganar wayar nan ita ta fi damuna. Mu silin ne ya kumbura cikin dare, ruwa ya taru a kansa daf da fanka. Maigida ya fara kashe wutar gidan gaba ɗaya, muka kwashe yara, ya ajiye bokiti ya huda kumburin da ƙusa. Da an bar shi, da duka zai rufto. Don Allah ka kashe layin ɗakin nan, ka kira mai gyaran wuta ya duba kafin ka sake kunnawa. Allon silin da ya jiƙe kuma mun canza shi, don fumfuna ta kama shi, warin ma ya hana zaman ɗakin.

Mai Dekin:
Nawa rufin siminti ne, amma wataƙila wani ya amfana. Ganye da ƙasa suka toshe indararo, ruwa ya kwanta a sama. Mutane ba sa lissafa nauyinsa: zurfin santimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 10 ne, wato kilo 10. Ruwan da ya kwana a wurin sai ya sami ƴar tsaga ya bi, ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa simintin ta ciki. Sai da aka buɗe tsagar aka share, aka jira ta bushe sarai, aka cike, aka gyara gangarar zuwa bakin indararo, sannan aka shimfiɗa kwalta. Kwalta a kan danshi ba ta kamawa.

Yaya Babba:
Ni kuwa nawa ba yoyo ba ne ma. Da asubar sanyi kwano ke yin gumi ta ciki yana ɗiga, alhali ba a yi ruwa ba. Ƙofar iska aka buɗe a cikin silin, magana ta ƙare. Amma tunda naka ruwan sama yake bi, ku gwada tiyo: mutum ɗaya a sama, ɗaya a ciki. A fara jiƙa ƙasa-ƙasan rufin, a dakata mintoci, sannan a matsa sama. In aka fara daga ƙololuwa ko'ina zai jiƙe, ba za a gane komai ba.

Tsohon Kafinta:
In za a hau, a jira kwano ya bushe, a taka kan layin ƙusa kawai, don nan katako yake. Wani ya riƙe tsani, a kula da wayoyin da suka ratsa sama. Wanda rufinsa tsohon asbestos ne kada ya taka, kada ya yanka: yana karyewa ba sanarwa, ƙurarsa kuma tana lalata huhu.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Mun kashe layin, mun yi gwajin tiyo. Kwanon bai ɗiga ba sai da ruwa ya kai inda rufin ya haɗu da bangon da ya fi shi tsawo. Simintin da aka liƙe wajen ya rabu da kwanon, har yatsa na shiga. Baba, in sake cika shi da siminti?

Tsohon Kafinta:
A'a ɗana, zai sake rabuwa, domin kwano na motsi, siminti ba ya yi. A tsaga layi a jikin bangon, a lanƙwasa fallen kwano a cusa bakinsa ciki a toshe, ɗaya gefen ya sauko ya rufe kan rufin sosai. Kafin a rufe, ka soka sukurudireba a katakon da ke wajen. In ta nutse, ya ruɓe ko gara ta shiga, a canza shi tukuna.