Me za mu kira firmware da Hausa?

'Yan'uwa masu gyaran kwamfuta, ina so mu tsayar da kalma guda. Idan laftof ta ce ba ta ga TPM ba (guntun tsaro mai adana makullan sirri), ko Windows 11 ta ƙi hawa don tana neman TPM 2.0, wani lokaci maganin shi ne a sabunta firmware. To, me za mu gaya wa mai kwamfutar muna sabuntawa?

Yawancinmu "manhaja" kawai muke cewa, kuma hakan na da haɗari. Wanda ya ji manhaja zai ɗauka irin WhatsApp ce, in ta lalace a goge a sake saukewa. Ita kuwa firmware a jikin allon kwamfutar take zaune, ita ke fara tashi kafin Windows. In wuta ta yanke ana tsakar rubuta ta, kwamfutar na iya ƙin tashi ƙwata-ƙwata. Shi ya sa ake cewa a jona caja tukuna.

Wasu na cewa famwaya. Tana da sauƙin faɗa, amma ba ta sanar da mai ji komai. "Manhajar tushe" ta fi, sai dai mutane za su zaci Windows ake nufi. "Kafaffiyar manhaja" kuma tana nuna ba a canza ta, alhali canza ta ne aikinmu.

Ni na zaɓi "dasasshiyar manhaja". Maƙerin na'urar ne ya dasa ta, ana iya sake dashen, amma ba da gaggawa ba.

Sunan zai taimaka har wajen bayanin TPM. A laftof da yawa babu guntun tsaro mai zaman kansa; aikinsa na cikin dasasshiyar manhaja, Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Don haka in an ce ba a gan shi ba, ba lallai ya mutu ba, a fara duba ko a kashe yake a BIOS, wato dasasshiyar manhajar allon kwamfutar. A 2022, sabunta BIOS ne ya magance sarƙewar da fTPM ke jawowa a wasu kwamfutocin AMD. Ko a 2017 da aka gano rauni a yadda guntayen TPM na kamfanin Infineon ke ƙirƙirar makullai, ba a cire su ba, dasasshiyar manhajarsu aka sabunta.

Ga jimlar da nake gwada kalmar da ita (BitLocker shi ne abin da Windows ke kulle bayanan kwamfuta da shi): "Kafin ka sabunta dasasshiyar manhaja, dakatar da BitLocker, ka adana makullin ceto mai lambobi 48, kuma kada ka share TPM don kawai ya nuna kuskure, makullan da ke ciki za su tafi." A kunnena ta zauna.

Damuwata ɗaya ita ce tsawonta. A bakin aiki wataƙila za ta koma "dasasshiya" kawai, kuma ban ga laifin hakan ba. Wanda ke da wadda ta fi ta, don Allah ya saka ta cikin wannan jimlar mu ji yadda za ta zauna.