Masu tafiya da rediyon gajeren zango, ku zo mu ji: wane iri kuka riƙe a hanya?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Aiki zai kai ni yankin Tasker bayan salla, kuma an ce da zarar an bar Gure an yi arewa, FM sai a hankali, rezo kuma sai an dace. Ina so in sayi ƙaramin rediyo mai gajeren zango. Kafin in kai kuɗina kasuwar Dole, ina roƙon waɗanda suka yi tafiya da shi su ba mu labari: wane iri kuka riƙe, a wace hanya, me ya yi muku, me ya ba ku wahala. Har na da can ina so in ji, yadda aka yi ƙaton akwati ya koma na aljihu.

Ɗan Direba:
Wa'alaikumussalam. Baba ne ke faɗa ina rubutawa, shi ba ya taɓa salula.

Ya ce lokacin da yake jan kamiyo tsakanin Damagaram da Agadas ta Tanut babu gudro, yashi ne da rami. Rediyonsa National ne mai ban huɗu, wato layuka huɗu na neman tasha, ya sayo shi a Sabon Garin Kano, manyan pil shida yake ci. Da ya dawo sai ya kai wa wani baduku a Birni ya ɗinka masa rigar fata da maratayi, aka bar ƴan huji ta wajen da murya ke fita. Duk direban da ya san ciwon kansa haka yake yi, don ƙura da girgizar hanya.

A cikin kabin ba ya kamawa sosai, ƙarfen mota ya tare, ga ƙarar inji tana shiga. Sai an yi zango a Adarbisanat ko wani wuri, a kashe mota, a ɗora shi kan kapo, a ja eriya. Da dare Rediyon Kaduna a mita 49, ana shan shayi ana jin gaishe-gaishe da waƙa.

Ranar da ya fi tunawa ita ce 15 ga Afrilun 1974. Shekarar fari ce, suna ɗauke da hatsin taimako za su arewa. Ya kunna da safe sai ya ji kiɗan soja ba ƙaƙƙautawa, can aka ce Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani. Direbobin sauran motoci duk suka taru kan nasa. Ƙauyen da suka tsaya shan ruwa a gaba, daga bakinsu mai gari ya fara ji, kuma bai yarda ba sai da aka kunna masa ya ji da kunnensa.

Mushe Mai Ritaya:
Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ka gaishe mana da shi. Irin nasa ma ai na tsakiya ne, akwai na gabansa.

Wanda aka fi sani a cikin na farko da aka ƙera don matafiya shi ne Trans-Oceanic na kamfanin Zenith a Amurka, ya fito a farkon 1942. Da lamp yake aiki, waɗannan ƙwayayen gilashi masu ɗaukar zafi, kuma batirinsa kaɗai kaya ne guda. Sunansa na tafiya, amma tafiyar jirgin ruwa da mota, ba ta mai tafiya a ƙasa ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne transista, ɗan ƙaramin abin da ya maye gurbin lamp, da aka ƙirƙira a 1947. Rediyon aljihu na farko mai transista ya shiga kasuwa a 1954, sai dai matsakaicin zango kawai yake kamawa. A 1957 Zenith ya fitar da mai gajeren zango na transista, Royal 1000, wanda ke aiki da manyan pil irin na tocila. A wannan shekarar ce kuma BBC ta fara Hausa. Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI sai 2007. Wato akwatin yana ƙanƙancewa, abin ji da harshenmu yana ƙaruwa, shi ya sa ya karɓu a nan fiye da ƙasashen da aka ƙera shi.

Jamusawa sun yi nasu, Grundig da jerinsa na Satellit da Yacht Boy. Har Afirka ta Kudu ta yi wani mai kyau a shekarun 1970, Barlow Wadley. Amma Japan ce ta cinye kasuwar.

Ni da aka tura ni koyarwa wani ƙauye bayan Gure, wahalar ba nauyi ba ce, allura ce. Tashoshi goma sun cunkushe a ɗan wurin da bai kai faɗin farce ba, ka murɗa kaɗan ka wuce Landan ka faɗa Masko. Na riƙa ɗiga alama da jan biro a jikin gilashi. Ko ka samu tashar, bayan ɗan lokaci ta zame sai ka sake bi. Shi ya sa a ganina babban ci gaba ba ƙanƙanta ba ne, lamba ce. A 1980 Sony ya fitar da ICF-2001, ka danna lambar tashar kamar na'urar lissafi ta fito, ta kuma tsaya inda ka ajiye ta. Daga baya aka matse wannan cikin ICF-7600D mai girman littafi, a 1994 kuma SW100 ya zo, girman kaset, ƙananan pil biyu. Na farko da na taɓa da hannuna na wani likitan Turawa ne da ya zo rigakafi ƙauyenmu. Na daɗe ina jujjuya shi.

Mai Gyara Dole:
Mushe, duk abin da kuka faɗa haka ne, amma ku yi mini afuwa, mutum nawa ne a Damagaram suka riƙe waɗannan? Manyan ma'aikata da alhazan birni. Wanda ya sa gajeren zango a aljihun mai tura amalanke da ɗan ci-rani, ɗan Sin ne. Tun da irin su Kchibo suka cika Kano suka tsallako mana ta Magariya da Matamai, aka daina taruwa ƙofar gidan mai rediyo. Kowa da nasa, ban tara, ban goma sha biyu, kuɗinsa bai kai na takalmi ba.

Abin da ke zuwa teburina daga hannun matafiya kusan iri ɗaya ne tun ina yaron shago. Eriya ta karye daga gindi. Zaren da ke jan allura ya tsinke, mutum na murɗawa ba abin da ke motsi. Ƙurar hunturu ta shiga makunnin sauya ban, sai ƙarar ƙas-ƙas. Sai babbansu, pil ya fashe a ciki saboda zafi ya cinye waya da ƙarfen da yake taɓawa. Wannan na ƙarshe rabinsa ba ya gyaruwa. In za ka ajiye rediyo a jaka ya kwana biyu, cire pil.

Na zamani kuma, tun wajen 2009 da Tecsun da irinsu suka fara sa wani ɗan guntun cip guda mai yin aikin da tarin kayan ciki ke yi a da, ka buɗe ka ga kusan ba kome. Yana laluben tashoshi da kansa ya jera maka. Kyau kam akwai, amma in cip ɗin ya mutu ba ni da abin yi masa. Na Alhaji kuwa ko yau aka kawo zan tashe shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Sannunku. Ku maza kuna ta maganar inji, ni ta kuɗi zan yi. Shekara da shekaru ina zuwa Kantin Kwari saro atamfa, kuma ba na rabo da ɗan ƙaramin rediyo a jakar hannu, naɗe cikin ɗankwali. A watan Janairun 1994 ina masauki a Fagge, na idar da sallar asuba na kunna, sai na ji an karya darajar sefa, abin da yake 50 a kan faran ɗin Faransa ya koma 100. Jikina ya yi sanyi. Kuɗin da ke ƙugu na tun ban taɓa su ba sun rage rabi. Na tashi abokan tafiyata na gaya musu, muka zauna muka sake lissafi tun kafin mu fita. Wasu ƴan garinmu da ba su ji ba suka nufi Wapa da lissafin jiya a ka, har aka yi ta cacar baki da ƴan canji suna zaton cutarsu za a yi.

Da na je Makka ma da shi na tafi. Can ba ya fita tangaran kamar gida, don mu nan Afirka ta Yamma ake auno wa shirin, amma in na fita baranda ana ji. Sai dai agogonsu ya riga namu da awa biyu, shirin takwas da rabi na dare sai goma da rabi. Matan ɗakinmu har da na Maraɗi sukan jira shi.

Baƙon Sabha:
Hajiya ta tuna mini. Ni ta Agadas na bi, Dirku, Madama, sai Libiya. A kan wannan hanya kowane kaya sai ka yi shawara da shi, ruwa ne gaba da kome, don haka na tafin hannu na riƙe, mai ƙananan pil biyu. Abin mamaki, tsakiyar Tenere ya fi kamawa fiye da cikin Damagaram. Babu kuran, babu inji, murya tas kamar daga bayan tudu take fitowa.

Amfaninsa na gaske sai a 2011 da yaƙi ya tashi. Muna ɗaki ɗaya da ƴan Kance da ƴan Mirya, ba ma fita, talabijin ɗin ƙasar kuma abin da gwamnati ke so kawai yake faɗa, da Larabcin da rabinmu ba sa ji sosai. Da shirin Hausa muka san garuruwan da ake faɗa da hanyar da mutane ke bi suna ficewa. Pil ya yi wuya, muka riƙa kunnawa daidai kanun labarai a kashe. Wanda ya raunana a shanya shi a rana, yakan ɗan farfaɗo ya ba da minti kaɗan.

Ƴar Lekol:
Iyayena ku yi haƙuri, amma duk wannan ba labarin da ba ne? Yanzu salula na da FM, ga WhatsApp, ga Facebook. Su kansu manyan tashoshin suna janye jiki, Muryar Jamus ta rufe tasharta ta Kigali tun 2015. Yaya Ɗan Zango, ba gara ka sayi ƙaramin sola da abin caji ba?

Mushe Mai Ritaya:
Ƴata, kin faɗi gaskiya rabi. An rage, ban ɗin ba ya cika kamar da. Amma FM iyakarta inda dogon ƙarfen tashar ya hango, ƴan kilomita gommai. Gajeren zango kuwa sama yake tafiya, ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a nesa, shi ya sa shirin da aka harbo daga tsibirin Asenshon a tsakiyar tekun Atlantika, ko daga Faransa, yake sauka Tasker. Kuma kin ga abin da ya faru: an dakatar da RFI a ƙasar nan a Agustan 2023, BBC ma a Disamban 2024. Ba gardamar siyasa na kawo ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da na gani kawai shi ne tsofaffin akwatunan da aka jefa ƙarƙashin gado sun fito.

Mai Gyara Dole:
Sun fito kam, Mushe, a lokacin na sha gyaran eriya.

Malamin Dabbobi:
Ɗan Zango, inda za ka nan nake yawon rigakafi, daga Tasker har gindin Termit, don haka bari in gaya maka abin da nake yi.

Nawa mai lamba ne, yana cin ƙananan pil, kuma da gangan na ƙi mai batirin ciki kaɗai. Pil kana samu ranar kasuwa a kowane ƙauye, caji kuwa sai ka yi layi wajen mai sola. Na taɓa riƙe irin wanda ake wanawa da hannu, dabarar wani Bature ɗan Ingila, Trevor Baylis, da aka fara ƙerawa a Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1990. Wata ƙungiya ce ta raba mana. Ba ya neman pil, amma ya yi girma ga mai hawan babur.

Da rana ka nemi mita 16 da 19, da safe da dare ka sauko 25, 31, 41. Tashoshin suna sauya lambobinsu sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, don haka in ka wayi gari ka ji shiru kada ka ce ya lalace, ka laluba kusa. Ka tafi da waya siririya mai tsawon mita biyar ko shida, ka ɗaura a kan eriya ka jefa kan ƙaya ko rufin bukka. Eriya kamar igiyar guga take, gajera ba ta kai ruwa. Sai dai masu arha ba sa jure doguwar waya, tashoshi sai su hau kan juna, sai ka rage.

Makiyayan da nake tararwa bakin rijiya, Tubawa da Fulani, kusan kowa da nasa rataye, da yawansu sun ɗaure masa tsofaffin manyan pil a waje da roba, an jona da waya. Ba kyan gani, amma yana kai su wata da watanni.

Mai Gyara Dole:
Ƙari ɗaya kan na Malam. Kada ka gwada shi cikin rumfar mai sayarwa, ƙwan lantarkin zamani da cajojin salula da injin sola suna cika gajeren zango da ƙara, mai kyau ma sai ya zama kamar mara kyau. Ka ce a bar ka ka fita da shi fili, ka zo daidai lokacin shirin Hausa na rana. Akwai waɗanda aka rubuta ban goma sha biyu a jiki, ka murɗa ka tarar uku ne kawai ke da rai. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka girgiza shi ka ji ko murya na yankewa. In ka saya ka biyo ta wajena in ɗaure maka gindin eriyar kafin ka kama hanya.