Na ara wa wani saurayi waya a tasha, ya tafi da WhatsApp ɗina

'Yar Fagge ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma bari ku fara jin abin da ya same ni ranar Talatar da ta wuce.

Sana'ata sayar da atamfa da leshi, kuma rabin cinikina a WhatsApp nake yinsa. In ɗora hoto, mai so ta yi magana, ta turo kuɗi, in ba direba saƙo. To ranar zan kai kayan lefe Kaduna, ina zaune cikin mota a tashar Unguwa Uku muna jiran mutum biyu ta cika, sai ga wani saurayi tsaf da shi, shadda ruwan toka da hula, ya leƙo ta taga ya gaishe ni har da rusunawa. Wai cajinsa ya ƙare, yayansa zai aiko da saƙo kuma bai san motar da zai ba ba, don Allah Hajiya a taimaka masa da waya ya yi kira ɗaya. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Na sa yatsa na buɗe, na miƙa masa. Ya kara a kunne, ya ce nan babu sabis, ya matsa wajen mai shayi ya juya min baya. Bai fi minti uku ba ya dawo da ita yana ta sa min albarka.

Sai da muka wuce Kwanar Dangora na buɗe WhatsApp, na ga wai an yi rajistar lambata a wata wayar. Kafin mu kai Zariya ƙanwata ta kira, ta ce Yaya lafiya kike neman dubu talatin cikin gaggawa? Ashe ya bi 'yan guruf ɗin kwastomomina da na dangi yana tura musu saƙo da sunana. Wata baiwar Allah har ta tura masa dubu ashirin. Da na sauka na sake sa lambata, aka turo min lambobi shida, na shiga, shi kuma ta fitar da shi.

Yanzu na zama wanda maciji ya sara, ko tsumma na gani gudu nake. Jiya wata tsohuwa ta roƙe ni waya a layin asibiti na ce babu kati, alhali akwai, kuma abin ya tsaya min a rai har dare. Ta yaya mutum zai taimaka ba tare da an cuce shi ba? Na biyu, gilashin wayar ya tsage, Tecno ce, kuma na san ina kai ta gyara za a ce in ba da lambar buɗewa. Cikinta akwai hotunan 'ya'yana mata da manhajar banki.

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a, kuma irin labarinki ba ya wuce wata ban ji shi a shago ba.

Abin da ya yi ba tsafi ba ne. Ya kira tasa wayar da taki ya ga lambarki, ya sa ta a WhatsApp ɗinsa, aka turo lambobi shida ta tes zuwa wayar da ke hannunsa, ya karanta, ya goge. Shi ke nan. Kin ci sa'a ma bai riga ki sa makulli na biyu ba, da ya sa sai kin jira kwana bakwai kafin ki shiga. To ki riga na gaba. Ki shiga saitin WhatsApp, wajen Account, ki kunna Two-step verification, wato makulli na biyun, ki sa lambobi shida da ke kaɗai kika sani, ba shekarar haihuwa ba. Daga nan ko an saci na tes, ba a shiga sai da wannan. Ki leƙa Linked devices kuma, duk na'urar da ba ki gane ba ki fitar da ita.

Akwai abin da ba ki tambaya ba kuma shi ya fi damuna. Cikin minti ukun nan yana iya karkatar da kiranki zuwa layinsa, ta yadda in ya nemi a karanto lambobin ta kira maimakon tes, wajensa kiran zai je. Ki danna *#21# ki gani ko an karkatar, sannan ki danna ##002# ya soke duk wani karkatarwa. Yau za ki yi, ba gobe ba.

Batun gyara kuwa zan faɗi abin da wasu abokan sana'ata ba za su so ba. Canza gilashi ba ya bukatar lambar buɗe wayarki. Ina iya gwada ko yana jin taɓi daga wajen kiran gaggawa, ko in miƙa miki ki buɗe da kanki in gwada a gabanki. Aikin da ba ya kai awa ɗaya ne, don haka kada ki ajiye ki tafi cefane, ki samu benci ki zauna. Kafin ki miƙa ki cire layukanki da mamori ki sa a jaka. Mafi yawanmu masu amana ne, amma shago akwai yara masu koyon aiki, kuma yaro in ya samu waya a buɗe hotuna yake fara shiga, ba don mugunta ba ma, don ƙwaƙwa. In mai gyara ya ce sai an bar ta kwana kuma sai da lambar buɗewa, ki kwashe kayanki zuwa kwamfuta ko wata waya, ki fita daga manhajar banki da imel. Masu sabbin Samsung sun huta, tun 2022 aka fara sa musu Maintenance mode da ke ɓoye komai kafin a kai gyara.

Baban Sadiya ya amsa:

'Yata, Allah ya kiyaye gaba. Ni dai tsohuwar asibitin nan ce ta tsaya min. Shekarun baya an yanke min aljihu a Legas, ba waya ba kuɗi, wani Bayarabe mai sayar da taya ne ya ba ni wayarsa na kira gida. Da ya ce babu kati, ban san inda zan kwana ba.

Ga yadda nake yi, ni da ban iya latse-latsen nan naku ba. Duk wanda ya ce in ara masa waya sai in ce to, faɗi lambar. Ni zan danna, ni zan sa a sifika, wayar tana hannuna yana magana. Mai bukatar gaskiya ba ya ƙi, godiya ma yake. Wanda ya ce maganar sirri ce, ko ya ce bari ya matsa can, na gane shi ke nan. Sau biyu ana cewa a bar shi kawai, a juya a tafi. Ba ki yi rowa ba, ba ki kuma ba kura ajiyar nama ba.

Ɗalibar Kwamfuta ta amsa:

Anti sannu da wannan jarrabawa. Dabarar Baba ta fi kowacce, amma wani lokaci dole ki saki wayar, kamar ki ba wani ya ɗauke ku hoto a biki, ko ki nuna wa kwastoma atamfa a gallari ta hau zuge-zuge har ta kai hotunan gida. Android na da abin da ke kafe waya a manhaja ɗaya, tun 2014 yake ciki mutane ba su sani ba. Ki rubuta pinning a wajen bincike na saiti, zai fito da App pinning ko Screen pinning. Ki kunna, ki kuma kunna inda ya ce a nemi lambar buɗewa kafin a cire. In kin kafe kyamara, kyamarar kaɗai zai gani, yana neman fita wayar za ta kulle. A iPhone sunansa Guided Access, danna maɓallin gefe sau uku ne. Amma in hoto kawai za a ɗauke ku, kada ma ki buɗe wayar, kyamara na buɗuwa a kulle.

Sannan layin kansa Anti. Wanda ya riƙe layinki yana danna *565*0# ya ga BVN ɗinki, ya danna *346# ya ga NIN. Ki sa wa sim lambar sirri, ko an zare shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Ki kula dai, kuskure uku yake kullewa, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo layin.

Mai Gyaran Waya ya sake amsawa:

Ƙanwata ta yi gaskiya, sai dai gyara ɗaya. In wajen kira kika kafe, ba ki tsira ba, domin duk lambobin nan na BVN da na karkatar da kira a wajen kiran ake danna su. Kafewa ta hoto ce da bidiyo da yara masu wasa da waya. Kira kam sai ta Baba.

'Yar Fagge ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na danna *#21# babu karkatarwa, amma duk da haka na danna ɗayar. Makulli na biyu ma na sa. Kafewar na gwada da autana, na kafe masa kartun, ya yi ta dannawa ya kasa fita har ya yi fushi ya ajiye. Na sim ne ban taɓa ba tukuna, katin layin tun 2016 ban san inda yake ba, sai na je ofishin kamfanin layin.

Kwastomar da ta tura dubu ashirin ta ce ta yafe, amma na sa mata turmi ɗaya a saƙonta na wannan satin. Malam mai gyara, gilashin Tecno Spark nawa yake yanzu? Kuma da safe ko da yamma ne kuka fi samun sarari? Zama zan yi har a gama.