Ƙaguwa da ƙananan kifaye a akwatin murjani: za su zauna lafiya?

Mai_Gishiri:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwatin gilashi ne na kiwon kifin teku da murjani, mai lita 200, akwai kifin Amphiprion ocellaris biyu, gobi (ɗan ƙaramin kifi mai zama a ƙasan ruwa) ɗaya, koriyar ƙaguwa Mithraculus sculptus ɗaya, da ƙaguwoyi masu aron gida, wato masu zama cikin kwanson dodon koɗi, guda goma. Koriyar ta cinye gansakukar nan mai kumfa, Valonia, kakaf. Yanzu ana ganinta tana tsintsinar murjani mai laushi da dare, dodannin koɗi kuma sai raguwa suke yi. A cire ta ne, ko dai abinci ne bai isa ba? Gobin fa, yana cikin haɗari?

Abu_Murjan:
Wa alaikumus salam. Malam, yunwa ce. Ana sayar da wannan ƙaguwa ta tekun Karibiyan a matsayin mai cin ganye, amma ba ta yi wa kowa rantsuwa a kan haka ba. Abin da ta samu shi take ci. Da Valonia ta ƙare, dole ta waiwayi na kusa.

Ka ciyar da ita kai tsaye sau biyu ko uku a mako, bayan an kashe fitila. Ka yanki busasshiyar ciyawar teku ta nori kamar faɗin farcen babban yatsa, ka ɗaure ta a ɗan dutse da roba, ka ajiye a bakin raminta. Sau ɗaya a mako ka miƙa mata guntun ɗanyen jatan lande, wanda bai fi ƙwayar wake ba, da dogon hantsaki. Idan ka watsa abincin cikin ruwa kawai, kifaye ne za su wawashe kafin ya kai ƙasa. Duk abin da ya rage da safe ka tsame shi, don ruɓewarsa ke ɗaga sinadaran naitiret da fosfet a ruwa, sai gansakuka ta dawo. Ka ba ta mako biyu a haka. In ba ta daina taɓa murjanin ba, a mayar da ita ƙaramin tankin tacewa na ƙasa.

Dodannin koɗin kuwa, masu aron gida nake zargi. Irin su Clibanarius tricolor mai shuɗin ƙafa idan jikinsu ya fi ƙarfin gidan da suke ciki, kashe dodon koɗi suke yi su gaje kwanson. Ka zuba kwansuna marasa kowa, biyu ko uku ga kowace ɗaya, masu ɗan fin nasu girma. Goma ma sun yi yawa ga lita 200 da babu gansakuka. Paguristes cadenati mai jar ƙafa ta fi su sauƙin hali.

Hajiya_Teku:
Ƙari a kan batun gobin. Kifi lafiyayye mai iyo a tsakiyar ruwa, kamar ocellaris, da wuya koriyar ƙaguwa ta kama shi. Haɗarin yana kan masu kwana a ƙasa ko cikin kogon dutse, gobi kuwa a nan yake kwana. Amma a lura: sau da yawa an ga ƙaguwa a kan gawar kifi sai a ce ita ta kashe, alhali mushe ta tarar.

Ka haska akwatin da jar tocila cikin dare, ka duba ko akwai baƙuwar ƙaguwar da ta ɓuyo cikin duwatsu. Bakin awartakinta za ka kalla. Mai faɗi kamar cokali na kankare gansakuka ne. Mai tsini da baƙin baki, ga jiki duk gashi, yawanci 'yar dangin Xanthidae ce, kuma farauta take yi. Ka jingina kwalba mai faɗin baki a jikin dutse, a karkace, da guntun jatan lande a ciki. Za ta shiga, santsin gilashi ya hana ta fita. Ƙaguwoyin Percnon gibbesi da Stenorhynchus seticornis mai dogayen ƙafafu su ma idan sun girma ba a amince musu da ƙananan kifaye.

Abu_Murjan:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Akwai kuma ɗaya gefen, kifin da ke cin ƙaguwa: talibambam na teku, dangin Balistidae, dangin Cirrhitidae, da manyan Labridae. Lokacin saɓa suka fi samun ta, don takan yi kwana ɗaya ko biyu jikinta da taushi, tana ɓoye. Kwanson da ta bari kamar gawa yake, kada ka ruɗe. Ɗaga shi za ka ji ba nauyi, babu wari.

Saɓa ba ta tafiya daidai sai ruwa ya tsaya wuri ɗaya: nauyin gishiri 1.025 zuwa 1.026, zafi digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, kalsiyam 400 zuwa 450 (miligiram a kowace lita), alkalinti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH. Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe kuwa kada ya kusanci akwatin, yana kashe ƙaguwa da murjani duka.

Mai_Gishiri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Norin wanda ake sayarwa don girki zai yi?

Hajiya_Teku:
Zai yi, muddin tsurarsa ne. Duba jikin ledar, kada ya zama mai mai, gishiri ko kayan yaji.