Masu shiga shafin ofishinmu na lauyoyi suna ficewa nan take: daga ina zan fara gyara?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Ni ne nake kula da shafin intanet na wani ofishin lauyoyi a Kano, wanda yawancin aikinsa ya shafi rikicin filaye, rabon gado da yi wa kamfanoni rajista a hukumar CAC. Abin da ya dame ni shi ne, ƙididdigar Google Analytics, wato manhajar da ke ƙirga masu ziyartar shafi, tana nuna cewa wajen mutum uku cikin kowane huɗu da suka shigo suna ficewa ba tare da sun taɓa komai ba. Shugaban ofishin ya ga adadin, har an fara maganar a rushe shafin a gina sabo, wanda kuwa aiki ne mai cin kuɗi. A fuskar shafin akwai babban hoton lauyoyinmu cikin rigar kotu, sai tarihin kafuwar ofishin, sai jerin fannonin da muke aiki a kansu, duka da Turanci. Lambar waya kuma tana can a sashen tuntuɓa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Injiniya daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kashe ko sisin kwabo, ka tabbatar da abin da adadin nan yake aunawa, domin ma'anarsa ta sauya tun 1 ga Yuli 2023, lokacin da Google ya daina tattara bayanai a tsohon tsarinsa ya koma Google Analytics 4. A da, duk wanda ya buɗe shafi ɗaya tak ya fita, ko da ya kwashe minti goma yana karatu, ana jefa shi cikin waɗanda suka fice. Yanzu kuwa ana ɗaukar ziyara a matsayin mai amfani idan ta wuce daƙiƙa 10, ko aka buɗe shafi biyu zuwa sama, ko kuma baƙon ya aikata wani abu da kai da kanka ka ware a matsayin muhimmi. Wanda bai cika ko ɗaya daga cikin ukun nan ba shi ne ake lissafa maka a cikin waɗanda suka fice. Ke nan mutanenka ba sa kaiwa ko daƙiƙa 10, kuma wannan yana nuna ɗayan biyu: ko shafin yana jinkirin buɗewa, ko kuma abin da suka tarar ba shi suka zo nema ba.

Akwai kuma kashi na uku da ake yawan mantawa da shi, wato wanda ya shigo, ya ga lamba, ya danna kira cikin 'yan daƙiƙu. Wannan shi ne baƙon da ofishin lauya ya fi buƙata, amma idan ba ka yi amfani da Google Tag Manager, manhajar saita abin da za a ƙirga a shafi, ka sa ana ƙirga danna lambar waya ba, kuma ba ka ware danna maɓallin WhatsApp a matsayin muhimmin aiki ba, ƙididdiga za ta nuna maka shi a cikin asara.

Sannan kada ka dubi adadin a dunƙule. Ka rarraba shi bisa shafin da mutum ya fara sauka a kai, da inda ya fito, da na'urar da ke hannunsa. Wanda tallan Facebook ya jawo bai zo da niyyar wanda ya rubuta damuwarsa a Google ba. Ka buɗe Search Console, manhajar Google mai nuna abin da aka bincika kafin a iso shafinka, ka ga kalmomin da suke kawo mutane; idan ɗalibai ne masu neman nassin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 don jarrabawa, ficewarsu ba ta rage wa ofishinku komai ba.

Hajiya Mai Zanen Shafuka:

Na yarda da Injiniya, sai dai zargina ya fi karkata ga hoton nan. Hoton da aka ɗora kai tsaye daga kyamara yakan kai megabait da dama, alhali ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ka gwada adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin buɗewa, amma gwajin gaskiya shi ne ka kashe intanet ɗin ofis, ka ɗauki ƙaramar waya mai araha, ka buɗe shafin da datarka. Ka rage girman hoton ka mayar da shi WebP, wato nau'in hoto marar nauyi, ka cire duk wata taga da ke faɗowa ta rufe rubutu, ka kuma kafa maɓallin kira da na WhatsApp a ƙasan allo inda babban yatsa zai kai ba tare da an yi ta jan shafi ba. Duk wannan bai kai a rushe shafi ba.

Barista daga Kaduna:

Malam, a ganina, ko da shafin ya koma buɗewa cikin ƙiftawar ido, matsalar ba za ta kau ba muddin abin da ke cikinsa tarihin ofishi ne. Mutum ba ya neman lauya sai hankalinsa ya tashi. Ka ɗauki matar da yayanta ya sayar da gidan gado ba da saninta ba, tana riƙe da waya cikin dare bayan yara sun yi barci: abin da take son sani shi ne ko cinikin yana iya warwarewa, wace kotu ce ke da hurumi, waɗanne takardu za ta tattara, kuma nawa ne kuɗin ganin lauya karon farko. Shekarar da aka kafa ofishinku ba ta cikin tambayoyinta. Ku ware wa kowace matsala shafinta, da Hausa da Turanci, ku buɗe shi da tambayar kamar yadda mutane suke furta ta, ku amsa ta cikin layuka na farko, sannan ku faɗi mataki na gaba.

Amma ina jan kunnenka kan abu biyu. Masu tallan intanet za su ce ka rubuta cewa kun fi kowa, ko ka jera yawan shari'un da kuka ci. Sashe na 39 na ƙa'idojin ɗa'ar aikin lauya a Najeriya ya hana lauya kwatanta kansa da wasu lauyoyi a talla, ya kuma hana shi yin iƙirari kan ingancin aikinsa ko yawan nasarorinsa, don haka duk rubutun da zai hau shafin sai lauya ya duba shi. Na biyu, fom ɗin tuntuɓa ya tsaya ga suna, lamba da nau'in matsala. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora muku nauyin duk abin da kuka karɓa, kuma mai damuwa yakan ja da baya idan aka nemi ya zayyana sirrin gidansu ga wanda bai gani ba.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Barista, ranka ya daɗe, na san shugabanmu zai ce idan muka ba da amsa kyauta a shafi, babu wanda zai zo ofis. Me zan ce masa?

Barista daga Kaduna:

Ka gaya masa cewa bayanin hanya daban, tsayawa a kotu daban. Wanda ya karanta ya gane cewa shari'ar fili tana buƙatar takardar ciniki, shaidu da binciken rajista a KANGIS, wato hukumar bayanan filaye ta Jihar Kano, shi ne zai fi sanin ba zai iya shi kaɗai ba. Ku fara da shafi biyu kawai, na gado da na fili, ku sa ana ƙirga kira da saƙonnin WhatsApp da ke fitowa daga gare su, sannan mai amsa waya ta riƙa tambayar kowane mai kira inda ya samu lambar. Bayan wata ɗaya ko biyu, waɗannan alƙaluman za ka ajiye masa a tebur tare da na masu ficewa.