Shawarwari ga mai son shiga kwale-kwalen roba a kogin Kicking Horse

Waɗanda suka taɓa ratsa wannan kogi kusa da garin Golden a yammacin Kanada sun yi ta musayar ra'ayi, amma bakinsu ya zo ɗaya kan sanyi. Daga narkakkiyar ƙanƙarar tsaunuka ruwan yake gangarowa, ko a watan Yuli yana sandarar da yatsu. Don haka a bar kayan auduga a masauki, suna jiƙewa su manne a jiki. Kamfanonin yawon suna ba da rigar roba mai matse jiki, da rigar ceto, da hular kwano. A ɗaure rigar ceton tamau, domin ta kafaɗunta ake finciko wanda ya faɗa.

In mutum ya faɗa ruwa, kada ya kuskura ya miƙe tsaye. Ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu, igiyar ruwa ta danne shi. Ya kwanta rigingine, ƙafafunsa na fuskantar inda ruwa ke gangarawa, ya saurari jagora. An kuma nanata riƙe kan filafili gam, don shi ne ya fi fasa wa abokan tafiya leɓe.

Kan lokacin zuwa ne aka yi saɓani. Masu son kasada sun zaɓi Yuni, lokacin da kogin ke cika yana ruri. Masu yara suka ce Agusta, kuma a ɓangaren kogin da ya fi lafawa. Ni dai ina bayan masu Agusta ga sabon shiga.

Waya kuwa, a bar ta a mota.